Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya: Ra'ayi A Kan Yarjejeniyar 'Yan Ƙwallon Amurka

Gabatarwa

Ran Litinin 2 ga watan Janairu, 2023, da dare, a birnin Cincinnati na ƙasar Amurka, wani saurayi ɗan shekara 24 mai suna Damar Hamlin, ɗan wasan kulob ɗin Buffalo Bills, ya tare abokin karawarsa suka yi karo kamar yadda aka saba. Ya miƙe tsaye, sai kuma aka ga ya sulale ya faɗi warwas. Ashe zuciyarsa ce ta tsaya. Likitoci suka yi ta danna masa ƙirji a tsakiyar fili, miliyoyin mutane suna kallo a talabijin, har zuciyar ta ci gaba da bugawa, aka ɗauke shi zuwa asibiti, aka kuma fasa wasan ɗungum. Da yake yana da sauran shan ruwa a gaba, ya warke, har ya koma fagen wasa. Amma a 'yan kwanakin da ya yi kwance rai kwakwai mutu kwakwai, sai wata tambaya ta taso a jaridun ƙasar: in da ya tashi da naƙasa, me aka tanadar masa? Amsar ba ta yi daɗin ji ba. Kakar wasa biyu kaɗai ya yi, alhali kuwa sai mutum ya cika uku kafin ya cancanci fansho da inshorar lafiya ta bayan barin aiki. Abin da zai rage masa shi ne ya kai kukansa gaban kwamitin da ke biyan kuɗin naƙasa, wanda za mu ga halinsa nan gaba.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mu da wasan da ko dokokinsa ba mu sani ba? Amsata ita ce, duk inda aka ce mutum yana sayar da ƙarfin jikinsa ga mai kuɗi, aka kuma rubuta takarda a tsakaninsu, to wannan takarda ta cancanci a karanta ta da idon basira, ko a masaƙa aka rubuta ta ko a filin ƙwallo. Bugu da ƙari, 'ya'yan Nijeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya yi wa kulob ɗin Kansas City Chiefs wasa daga 1987 zuwa 1992, kuma likitan da ya fara tona asirin abin da wasan yake yi wa ƙwaƙwalwa ɗan Nijeriya ne.

Shi dai wannan wasa, ko da yake Amurkawa suna kiransa ƙwallon ƙafa, ya fi kama da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kowa da hular kwano da sulke a kafaɗa, ana rungumar ƙwallo a ruga da shi ko a jefa wa ɗan'uwa, abokan karawa kuwa aikinsu su kayar da wanda ya riƙe shi. Babbar gasar wasan ita ce NFL, mai kulob 32, kowanne da 'yan wasa 53 a rajista. Masu kulob-kulob ɗin hamshaƙan attajirai ne, in ban da Green Bay Packers wanda jama'a suka mallaka. Su kuma 'yan wasa suna da ƙungiyar ƙwadago tasu, watau NFLPA, wadda takan zauna da attajiran nan a ƙulla yarjejeniya guda da za ta hau kan kowa: nawa ne mafi ƙarancin albashi, kashi nawa na kuɗin shiga zai je aljihun 'yan wasa, wasa nawa za a yi a shekara, wa zai sami fansho, wa zai biya kuɗin asibiti.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, mudun da ya kamata a auna irin wannan yarjejeniya da shi, shi ne abin da ta ajiye wa ɗan wasa gama-gari na ranar da jiki ya ce ya gaji. In aka auna da wannan mudu, za a ga 'yan wasan NFL sun ci riba mai yawa a tuwon yau, amma tukunyar gobe ba ta gama wankuwa ba.

Inda Aka Fito

An kafa gasar a 1920, amma sai da aka shekara 36 kafin 'yan wasa su haɗa kai su kafa ƙungiya a 1956. Abin da suka nema a wancan lokaci zai ba mai karatu tausayi: kada albashin kowa ya gaza dala 5,000 a shekara, kulob ya ɗauki nauyin kayan wasa, kuma in mutum ya ji rauni a bakin aiki a ci gaba da biyansa. Attajiran suka yi kunnen uwar shegu da su. Abin da ya sa suka saurara shi ne shari'ar wani mutum mai suna Bill Radovich. Shi wannan ya yi wa Detroit Lions wasa, ya roƙi a mayar da shi Los Angeles domin ya kusanci mahaifinsa da ba shi da lafiya, aka hana shi. Da ya yi gaban kansa ya koma wata gasa kishiyar NFL, sai aka sa sunansa a baƙin littafi, aka toshe masa hanyar samun aiki. A 1957 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa dokar hana babakere a kasuwanci ta hau kan NFL. Tun daga ran nan attajiran suka san akwai bulala a bayan ƙofa. Suka amince da ƙungiyar, aka fito da tsarin fansho wanda ya fara lissafi daga 1959, watau duk wanda ya bar wasa kafin wannan shekara ba shi da rabo a ciki, sa'an nan aka sa hannu a kan yarjejeniya ta farko a 1968.

Babban abin da ya ɗaure ɗan wasa a wancan zamani shi ne rashin 'yancin sauya sheƙa. A 1963 aka kafa wata doka da aka laƙaba wa sunan shugaban gasar, Pete Rozelle. Dokar ta ce in kwantiragin mutum ya ƙare ya koma wani kulob, to sabon kulob ɗin zai biya tsohon diyya, in kuwa ba su daidaita ba shugaban gasar ne zai yanke abin da ya ga dama. Wane mai kulob ne zai sayi kaya bai san farashinsa ba? Saboda haka ba mai taya ɗan wasan wani, kuma wanda ba a taya shi ba, abin da ubangidansa ya miƙo shi zai karɓa. John Mackey na Baltimore Colts, wanda ya zama shugaban ƙungiyar 'yan wasa a 1970, shi ya jagoranci kai ƙara a kan wannan doka. A 1974 'yan wasa suka yi yajin aiki na wajen mako shida a kan maganar 'yanci, suka koma ba su sami kome ba. Amma a ƙarshen 1975 kotu ta ce dokar Rozelle haramtacciya ce, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 1976. Abin takaici, a yarjejeniyar 1977 ƙungiyar, wadda aljihunta ya bushe, ta sayar da wannan nasara, ta yarda da wani sabon tsarin diyya, har ya zamana a shekara goma da suka biyo baya waɗanda suka sauya kulob ta wannan hanya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A 1982 aka sake yajin aiki na kwana 57, har wasannin kakar suka ragu daga 16 zuwa 9. 'Yan wasa sun nemi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin shiga, ba su samu ba, sai ƙarin albashi da kuɗin sallama. Na 1987 ya fi muni. Attajiran suka ɗebo waɗanda aka sallama daga sansanin horo da waɗanda suka daɗe da barin wasa, suka sa musu rigunan kulob, gidajen talabijin kuma suka nuna wasannin har mako uku. Da tafiya ta yi tafiya, manyan taurari irin su Joe Montana da Lawrence Taylor suka koma bakin aiki. Bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Bayan kwana 24 sauran suka bi sahu, hannu rabbana, ba yarjejeniya.

Daga nan Gene Upshaw, tsohon ɗan wasa wanda ya riƙe ragamar ƙungiyar daga 1983 har rasuwarsa a 2008, ya ɓullo da wata dabara mai ban mamaki. A dokar Amurka, muddin akwai ƙungiyar ƙwadago da ke ciniki a madadin ma'aikata, ba su da damar kai mai aiki ƙara a ƙarƙashin dokar hana babakere a kan sharuɗɗan aiki. Don haka a 1989 ƙungiyar ta tuɓe wa kanta rawanin ƙwadago, ta ce ita yanzu taron 'yan sana'a ce kurum, kowa ya je kotu da sunansa. A 1992, a birnin Minneapolis, Freeman McNeil na New York Jets da wasu mutum bakwai suka yi nasara a kan gasar. Reggie White ya biyo baya da wata ƙarar a madadin kowa. Da attajiran suka ga uwar bari, sai aka sasanta a 1993: 'yan wasa suka sami 'yancin sauya sheƙa bayan wasu shekaru na aiki, su kuma masu kulob suka sami iyakar abin da kowane kulob zai kashe a albashi, wadda take tashi tare da kuɗin shiga. A 1994 wannan iyaka dala miliyan 34 da dubu 600 ce. A 2025 ta kai dala miliyan 279 da dubu 200, watau ta ninka sau takwas.

Mai karatu zai lura da wani abu a wannan tarihi. Duk wata babbar nasara da 'yan wasa suka samu, a gaban alƙali suka same ta. A fagen yajin aiki kuwa su ne a ƙasa. Dalili a fili yake. Ƙungiyar 'yan wasa ta sha faɗin cewa matsakaicin zaman mutum a gasar shekara uku ne da 'yan watanni. Hukumar gasar takan yi musun wannan lissafi, amma ba mai musun cewa zaman gajere ne. Wanda ya san kakarsa uku ce duka-duka, in ka ce ya bar ɗaya ta wuce, ka ce ya zubar da sulusin abin da zai tara a rayuwarsa ke nan. Attajiri kuwa zai iya jiran shekara bai rage cin nama ba.

Waɗanda Ba Su Nan Ranar Rabo

A nan ne nake ganin babban laifin tsarin. Mutum iri uku yarjejeniyar take shafa: wanda ya yi wasa jiya, wanda yake yi yau, da wanda zai yi gobe. Amma ɗaya ne kaɗai daga cikinsu yake da ƙuri'a, shi ne na yau. Tun a 1971, a shari'ar wani kamfanin gilashi, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya yi ritaya ba ma'aikaci ba ne a idon dokar ƙwadago, don haka ba dole ba ne mai aiki ya yi ciniki a kan haƙƙinsa. A 2006 Upshaw ya faɗa wa wata jarida cewa shi ba tsofaffin 'yan wasa yake yi wa aiki ba, tun da ba su suka ɗauke shi ba, ba su kuma da ikon korarsa. Maganar ta yi zafi, ya sha suka a kanta, amma a wajen doka gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ita ce cutar. Duk sisin da za a ƙara wa tsofaffi, daga kason 'yan wasan yau za a cire shi, saboda albashi da fansho tulu ɗaya suke sha. An bar tsoho yana jiran alherin yaro.

Na gobe ma haka abin yake. A 2011 masu kulob suka garƙame ƙofa, suka hana 'yan wasa shiga wuraren aiki daga watan Maris zuwa ƙarshen Yuli, suna neman a rage kason 'yan wasa. Da aka zo sasantawa, wa aka yanka? Sababbin shiga, waɗanda a lokacin suna makaranta. A 2010 Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasa na shekarar, ya sa hannu a kan dala miliyan 78 na shekara shida. A 2011 Cam Newton, wanda ya zo a wannan matsayi, dala miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Ba na cewa daidai ne a ba wanda bai taɓa buga wasa ba abin da ya fi na ƙwararru. Abin da nake nunawa shi ne, wanda ba ya nan ranar rabo, kasonsa ake fara taɓawa. Ba zan ɓoye ba, wannan yarjejeniya ta zo da alheri: an rage wahalar horo, an kuma ware dala miliyan 620 domin ƙara fanshon waɗanda suka yi wasa kafin 1993, tsaran su Okoye, waɗanda suka bar fage kafin 'yanci ya iso.

Yarjejeniyar da ake aiki da ita yanzu an amince da ita a watan Maris na 2020, kuma za ta kai ƙarshen kakar 2030. Attajiran suka nemi a ƙara wasa ɗaya a kaka, daga 16 zuwa 17. A madadin haka suka ɗaga kason 'yan wasa zuwa kashi 48 cikin ɗari, mafi ƙarancin albashin sabon shiga ya tashi daga dala 495,000 a 2019 zuwa 610,000 a 2020, aka ƙara fansho, aka kuma shigar da tsofaffin da suka yi kaka uku waɗanda a da ake cewa sai huɗu. Taurari irin su Aaron Rodgers da J.J. Watt suka ce kada a yarda. Masu ƙaramin albashi, waɗanda su ne mafi yawa, suka ga guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Aka ƙirga ƙuri'a, 1,019 suka yarda, 959 suka ƙi. Da ratar ƙuri'a 60 aka ɗaure mutane shekara goma sha ɗaya. Yawancin waɗanda suka jefa ƙuri'ar ba za su kai 2030 a fage ba, kuma da yawa daga waɗanda za su yi wasa a 2030, a ranar ƙuri'ar ko sakandare ba su gama ba. Shekara guda bayan haka, a Maris na 2021, gasar ta sayar wa gidajen talabijin da kamfanin Amazon damar nuna wasanni na shekara goma sha ɗaya a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 100. Ashe kwanciyar hankalin da aka saya daga hannun 'yan wasa ita ce hajar da aka kai kasuwa.

Abin Da Jiki Yake Biya

To, me ake sayarwa in an ƙara wasa ɗaya? Labarin Mike Webster ya isa amsa. Ya yi kaka 17 a gasar, ya ci kofin Super Bowl sau huɗu da Pittsburgh Steelers, aikinsa kuwa shi ne karo da kai a kowane tashi. Bayan ya bar wasa sai tunaninsa ya rikice, dukiya ta watse, aure ya mutu, har ya zamana wani lokaci a cikin mota yake kwana. A 1999 ya nemi kuɗin naƙasa. Kwamitin da ke yanke wannan hukunci, wanda rabinsa wakilan masu kulob ne, rabi na ƙungiyar 'yan wasa, ya ba shi wani abu ya hana shi cikakken haƙƙinsa. Ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Sai bayan ransa magadansa suka yi nasara a kotu, aka tabbatar da hukuncin a 2006.

Gawar Webster ta faɗo a hannun Dokta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, yana kuma aikin binciken gawa a Pittsburgh. Ya duba ƙwaƙwalwar ya ga lahani irin wanda aka sani ga tsofaffin 'yan dambe, ya buga sakamakon bincikensa a 2005. Wannan ita ce cutar da ake kira CTE, wadda yawan buguwar kai yake jawowa. Likitocin gasar suka nemi a janye maƙalarsa, ba a janye ba. Sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka ba da rahoton cewa cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka duba, 110 suna da ita. Lalle a yi hattara da wannan adadi, domin iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da gawa a duba. Duk da haka, ba mai hankalin da zai ce ba kome.

Shi kansa John Mackey, wanda ya karya dokar Rozelle, cutar gushewar tunani ce ta kama shi. Da roƙon matarsa aka kafa wani shiri a 2006, aka sa masa suna Shirin 88, watau lambar rigarsa, wanda a farkonsa yake biyan har dala 88,000 a shekara domin jinyar masu irin wannan ciwo. Ya rasu a watan Yuli na 2011, ana tsakiyar rikicin garƙame ƙofa. Su kuma tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 suka kai gasar ƙara a kan ɓoye haɗarin buguwar kai. A 2013 aka yi tayin dala miliyan 765, alƙaliya Anita Brody ta ce tana shakkar kuɗin zai isa, a 2015 aka amince da sulhun da ba a ƙayyade masa iyaka ba, na tsawon shekara 65. Har a nan ma sai da aka sami abin kunya. Wajen auna ko tunanin mutum ya ragu, an riƙa amfani da wani ma'auni da ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali fahimtarsa ba ta kai ta farar fata ba, don haka sai lahaninsa ya fi tsanani kafin a biya shi. Wannan kuwa a gasar da yawancin 'yan wasanta baƙaƙe ne. Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara a 2020, gasar ta yarda ta daina a 2021.

Yanzu mu koma kan inshora. Wanda ya cika kaka uku ana ci gaba da ɗaukar nauyin lafiyarsa shekara biyar bayan ya bar wasa. A ce ya bari yana ɗan 27, to yana ɗan 32 an yaye shi. Amurka kuwa ƙasa ce da magani yake da ɗan karen tsada, kuma inshorar gwamnati ta tsofaffi sai an kai shekara 65. Ciwon gwiwa da na ƙugu da na ƙwaƙwalwa ba sa zuwa a shekara biyar ɗin farko, sai an manta da mutum suke sallama. Gaskiya ne akwai wasu tsare-tsare na rage zafi, kamar asusun mayar da kuɗin magani da aka sa wa sunan Upshaw, amma ba su kai matsayin inshora ta har abada ba. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan kurar tana samun kasonta, ba a musu, sai dai ranar da ta tsufa gardi ya riga ya kamo sabuwa.

Abin Da Masu Suka Za Su Ce

Za a ce mini, mutumin da mafi ƙarancin albashinsa a 2025 dala 840,000 ne, wane irin tausayi yake nema? Ai ya yi wa kansa tanadi. Wannan magana tana da ƙarfi, ba na raina ta. Amma a tuna cewa haraji zai ɗebi kasonsa, dillali ya ɗebi nasa, abin da ya rage kuwa na shekara uku ne da za a ci shekara hamsin. A tuna kuma yawancin kwantiragin NFL ba lamuntattu ba ne. In jarida ta ce an ba wane kaza na shekara biyar, kulob yana iya sallamarsa bayan shekara biyu, ya tafi da ɗan abin da aka lamunce masa kurum. Za a kuma ce ba wanda ya tilasta musu, sun san haɗarin. Na yau ya sani, amma su Webster ba su sani ba, kuma sanin haɗari bai taɓa sauke wa mai aiki nauyin ma'aikacinsa ba. Mai haƙar ma'adini ma ya san rami yana ruftawa.

Attajiran su ma za su ce inshorar dubban mutane har ƙarshen rayuwa kuɗi ne mai yawa. Haka ne. Amma maƙwabtansu sun nuna ana iya matsawa gaba. A babbar gasar besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, kwana 43 a rajista sun isa mutum ya shiga tsarin fansho, kwantiragi kuma lamuntacce ne, domin ƙungiyarsu ta iya riƙe yajin aiki har ta sa aka fasa wasan ƙarshe na 1994. A ƙwallon kwando kuwa, a 2016 'yan wasan NBA suka yanke shawarar ɗaukar nauyin inshorar lafiyar duk tsohon ɗan wasan da ya yi aƙalla shekara uku. In wasannin da ba a karo da kai sun yi wannan, ina dalilin gasar da ta fi kowace kuɗi, ta kuma fi kowace cin jiki?

Kammalawa

A 2024 shugaban gasar, Roger Goodell, ya fito fili ya nuna sha'awar a kai wasannin kaka 18. Ba za a iya yin haka ba sai da yardar 'yan wasa, kuma wannan ita ce haja mafi tsada da ta rage a hannunsu. A nawa ganin, in har za su sayar da ita, kada su karɓi farashinta a albashi. Su nemi inshorar lafiya ta har abada ga duk wanda ya cancanci fansho, a kuma sassauta sharaɗin kaka uku ga wanda rauni ya fitar da shi. Su nemi a danƙa hukuncin naƙasa a hannun likitocin da ba sa cin abincin kowane ɓangare. Su rubuta wa tsofaffi kaso sananne a cikin yarjejeniya, su kuma ba su kujera a wurin ciniki. Sa'an nan kada su sake ɗaure kansu shekara goma, kuma su fara tara asusun yajin aiki tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wannan yana nufin ɗan wasan yau ya haƙura da wani abu daga abin da zai shiga aljihunsa. Amma tsohon da yake ganin yana ciyarwa, shi ne da kansa nan da shekara huɗu ko biyar. Mackey ya yi wa na baya yaƙin 'yanci, ya ƙare bai san inda kansa yake ba, sai da matarsa ta roƙa masa kuɗin jinya. Hamlin ya yi sa'a ya tashi, ya cika kakarsa ta uku. Wanda zai faɗi gobe ba lalle ne ya yi irin wannan sa'a ba, kuma bai kamata lafiyar ma'aikaci ta rataya a kan sa'a ba. Wannan shi ne ɗan abin da na hango. Inda na yi kuskure, ina fatan malamaina da 'yan'uwana za su gyara mini a fitowa ta gaba.